Hannun Golmo a Kan Waya Mai Santsi

Mijina Kefas ba ya son a yi maganarsa, shi ya sa ni zan yi. Sunana Magdalene, ni ce mai buga tulu a Zumuntar Mata ta cocinmu a nan Zuru. Shi kuma shi ne mai kaɗa bes, babbar jitar nan mai waya huɗu da ake jona wa wuta, wadda take riƙe ƙasan waƙa. A gari Baban Divine ake ce masa, da sunan 'yarmu ta fari, ni ma haka nake kiransa. In ka gan shi ranar Lahadi can bayan mawaƙa, ya jingina da bango, kai a sunkuye, sai ka rantse barci yake yi. Sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ne kowa yake gane cewa shi ke ɗauke da mu.

Da hannunsa zan fara, don duk maganar a kan hannun take.

A wurinmu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, a da saurayi ba ya miƙa kuɗi ya ɗauki mace. Golmo yake yi, wato ya shiga gonar uban yarinya ya yi masa noma shekara bakwai, shi da sa'o'insa. Lokacin da Kefas ya zo nemana 'yan coci da yawa sun riga sun bar abin, amma babana bai bari ba. Ya ce shi bai hana kowa bin Yesu ba, sai dai 'yarsa ba za ta fita gidansa ba sai ya ga damina bakwai a gonarsa. Gonar nan kuwa a gindin dutse take, tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Kefas bai yi gardama ba, ya ɗauki gatari da garma ya shiga. Ni nake kai musu ruwa, don haka a kan idona tafin hannunsa ya saɓule, ya warke, ya sake saɓulewa, har ya daina. Ranar da aka ɗaura mana aure, da ya kama hannuna a gaban fasto, sai na ji kamar na dafa bangon rumbu. Yatsun sun yi kanta, sun tsattsage, kuma haka suka zauna har yau, don bai taɓa barin noma ba.

Bes kuwa tsintarta ya yi. Shekarar da coci ta sayi kayan kiɗa, samari suka yi wawa a kan ganguna da ƙaramar jita, aka bar babbar a jingine kamar ba ta da dangi. Kefas ya ɗauka. Ba wanda ya koya masa. Ya ce tuluna yake saurare, duk inda na sauke duka nan yake sauke yatsa, sauran kuma kunne ya ba shi. Ga wanda bai sani ba, tulun Zumunta tulun ƙasa ne babba, ana dukan bakinsa da ɗan matashin soso, sai ya amsa da murya mai zurfi wadda kake ji a ciki kafin ka ji a kunne. Haka muka yi shekara goma sha huɗu, ni a gaba da tulu, shi a baya da bes, ba mu taɓa zama mun shirya ba.

A daminar 2004 Zumunta ta yanke shawarar yin kaset. Shugabarmu Mama Saloma ce ta tsaya a kai, matar marigayi wani sajan, mace wadda in ta ce gobe to gobe ne. Ta sa aka ɗinka anko, muka yi wata biyu muna gwajin waƙoƙi takwas, biyar da Hausa uku da yarenmu C'lela. Sannan ta ɗauko wani mai ɗaukar murya daga Kaduna, Joel, da akwatunansa da wayoyinsa da wani kibod a cikin baƙar jaka. Ya sa aka toshe tagogin coci da katifu, aka kai janareto can bayan gidan fasto, ya ɗora abin saurare a kunnuwansa ya ce mu fara.

Ba mu kai rabin waƙar farko ba ya ɗaga hannu. Muka sake, ya sake ɗagawa. A karo na uku sai ya mayar da abin da ya ɗauka ta cikin sifika don kowa ya ji. Ga muryoyinmu ras, ga tulu, ga bes. Amma a tsakani, duk lokacin da Kefas ya ja hannu daga wani wuri zuwa wani, sai ka ji ƙiii, ƙiii, kamar ɓera ya shiga rufi. Shekara goma sha huɗu ana wannan ƙara a coci ba wanda ya taɓa ji, don tafi da guɗa sun rufe ta. Na'urar Joel ba ta rufe komai.

Joel ya je ya duba wayoyin jitar, sannan ya duba hannun Kefas. Wayar bes irin wadda kowa ya sani, siririn ƙarfe ne aka nannaɗe a kan wani, in ka shafa za ka ji gargada-gargada. Mai taushin hannu yana wucewa a kai da ɗan sauƙi. Kantar golmo kuwa kankararta take yi.

"Baba, kiɗanka ba laifi, wallahi kana da kunne," in ji Joel. "Hannun ne matsala. Zan dawo nan da mako uku. In ƙarar tana nan, sai in yi bes ɗin da kibod, kai ka huta."

Ya faɗa da ladabi, ban ce ya yi rashin kunya ba. Amma a gaban mata arba'in ya faɗa. Mama Saloma ta dube ni, ta dubi ƙasa, kuma ban ga laifinta ba, kaset ɗin na mata arba'in ne. Kefas ya zare waya daga sifika, ya naɗe ta a hankali, ya ce, "To, Allah shi kai mu." Ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo ranar. Mutum ya ɗauki waƙoƙin nan shekara da shekaru, ranar da za a adana su a ce wata jaka ce za ta maye gurbinsa!

Daga nan mijina ya shiga yaƙi da hannunsa. Da farko man kaɗanya ya shafa wa wayoyin. Ƙarar ba ta tafi ba, sai ma ƙura da ta manne, muryar jitar ta dushe. Ya koma jiƙa yatsu a ruwan ɗumi yana gogawa da dutsen goge kaushi, irin wanda muke goge ƙafa da shi. To amma lokacin noma na biyu ne, dawa tana neman a taimake ta. Abin da ya goge da yamma, ƙotar garma ta mayar masa kafin azahar. Na ce masa ya bari, ya ce to. Na san wannan "to" ɗin nasa, tun a gonar babana na san shi.

Ranar Talata ta mako na biyu, da safe, na zagaya bayan rumbu ɗebo itace, sai na same shi zaune a kan turmi da reza a hannu. Yana fere kantar yatsunsa kamar mai fere rogo. Ya gama da manuni, yana kan na tsakiya, reza ta zarce, jini yana ɗiga a kan wandonsa.

Da C'lela na yi masa faɗan, don in na yi fushi Hausa ba ta isata. Na fizge rezar na jefa ta bayan danga. Na ce, "Baban Divine, wa ya ba ka izini? Wasu matan an kai wa iyayensu shanu, wasu an kai kuɗi. Ni wannan hannun aka kai. Damina bakwai ina tsaye da tulun ruwa a kai ina kallon yadda aka yi shi. Sadakina ne ka sa wa reza saboda wani ɗan Kaduna ya ce yana ƙara?"

Ya matse yatsan. Can ya ce, "Maman Divine, ina so in kasance a cikin kaset ɗin nan." Tun da na san shi ban taɓa jin ya ce yana son wani abu don kansa ba. Sai da na juya masa baya na share ido, sannan na ɗaure masa yatsan.

Da rana na tafi wurin kawuna, Baba Aaron. A Zuru gidan da babu soja sai an nema, amma kawuna sojan badujala ne, ƙaho ya busa shekara ashirin da biyu a bariki-bariki. Ba shawara na je nema ba, na je ne in sauke abin da ke raina. Ya saurare ni har ƙarshe, sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Ke ɗiyata, mi ya kai shi yankan hannu? Ai waya za a canza! Zamaninmu, mai bes na 'yan rawar bariki, wayarshi santsi gare ta kamar kwalba. Fulat muke ce mata. Da ƙarfe mai faɗi ake naɗe ta, kamar ɗan ƙyalle, baki na haɗe da baki, kana a goge. Ko da ƙahon sa ka ja a kanta ba ta kuka."

Na ce to me ya sa aka daina? Ya ce yaran yanzu suna son bes mai tsawa, wadda ake mari da babban yatsa tana ƙara kamar kwano, irin ta kiɗan makosa na Kamaru. Fulat ba ta yin haka. Muryarta a ƙasa take, ta faɗo dum ta tsaya. Sai ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Kamar tulunki dai." Ya kuma ja kunnena cewa irin wannan waya tana jan wuyan jita da ƙarfi, tamu kuwa tsohuwa ce, don haka kada Kefas ya yi zarin ɗaukar mafi kauri. Kuma a auna tsawo kafin a tafi, don ba a yi mata ƙari.

Da na kawo labarin gida, na ɗauka mijina zai yi tsalle. Sai ya tsaya tunani. Ya ce samarin da ke kiɗa tare da shi za su ce bes ɗinsa ta tsufa. Ya ce bai taɓa jin muryar abin ba, ta yaya zai sayi abin da bai ji ba? In ya saya, ƙara ta tafi, amma ba ta zauna da waƙoƙinmu ba fa? Gaskiyarsa ce. Na ce to, mu je ka ji, ni kuma zan tafi da tulu.

Ya ɗauki igiyar rama ya auna daga gindin jitar zuwa inda ake ɗaure waya, ya ƙulla, ya sa a aljihu. Muka fitar da dawa daga rumbu muka kai kasuwa. Ranar Juma'a muka hau motar Kaduna ta Kontagora, ni da tulu a cinya, na naɗe shi da zane biyu. Direba ya ce a sa a but da sauran kaya, na ce sai dai a sa ni tare da shi. Wanda ya san hanyar nan da damina ya san abin da cinyata ta gani. Wata mata a gefena ta tambaye ni ko magani ne a ciki, na ce mata e.

Sai a shago na huɗu muka dace. Mai shagon ya yi ta turo mana sababbin wayoyi masu ƙyalli, yana cewa su ne ake yayi, fulat ai ta tsofaffi ce, rabon da a tambaye shi har ya manta. Kefas, da ba ya iya musu da kowa, ya fara sassautowa. Na taka masa ƙafa. Da mutumin ya ga ba za mu motsa ba, ya hau kujera ya lalubo fakiti biyu daga saman kanta, ya hure ƙura. Ɗaya mai kauri, ɗaya ta fi siranta. Sannan ya tuna akwai wata bes ta gwanjo rataye a bango wadda ta zo da irin wayar a jikinta. Ya sauko da ita ya jona.

Kefas bai fara kaɗawa ba. Ya ɗora yatsunsa a kan waya ya ja daga sama har ƙasa. Shiru. Ya sake ja, ya koma, ya sake. Ya yi haka ya fi sau goma, bakinsa a ɗan buɗe, mutum mai 'ya'ya huɗu. Ni kuwa na kwance zane na ajiye tulu a tsakiyar shagon mutane, na ɗauko matashin soso daga jaka, na fara dukan waƙarmu ta farko. Ya shigo a duka na uku. Ban san yadda zan faɗa ba, sai dai in ce na ji tuluna ya yi tsawo. In na sauke duka, muryar ba ta mutuwa nan take, sai ta miƙe ta hau ta sauka tare da waƙar. Masu wucewa suka tsaya a bakin ƙofa. Mai shago ya ce, "Madam, daga ina kuke?" Na ce daga Zuru, da ƙarfi na faɗa.

Wadda ke jikin bes ɗin gwanjon mai kauri ce, kuma na ga ransa ya biya da ita. Ya juya fakitin a hannu ya fi minti biyar. Sannan ya ce jitar coci ba tasa ba ce, ba zai karya mata wuya don daɗin kunnensa ba. Ya ɗauki mai sirantar, ya sa aka buɗe, ya ciro igiyar ramarsa ya gwada tsawon waya ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun, mai shago yana kallon ikon Allah.

A gida Baba Aaron ya zo da kansa aka ɗaura. Ya sa aka ɗan ƙara ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan jitar, ya ce a bar ta kwana biyu ta saba. Ranar Lahadi mai ganga Solomon ya ji sabuwar muryar ya ce, "Baba, yau bes ɗinka mura take yi?" Samari suka yi dariya. Kefas ya yi murmushi kawai. Ni na ji zafin maganar, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗan tsorata. Idan Joel ma ya ce mura ce fa?

Ranar da Joel ya dawo, Kefas ya tafi gona da sassafe kamar kullum, ya ce ciyawa ba ta san da kaset ba. Ƙarfe goma ya shigo coci, ya wanke hannu a bakin randa, ya saɓa jitarsa ya koma jikin bangonsa. Baƙar jakar kibod tana kan benci na gaba, na ga Joel ya riga ya zuge zip ɗinta. Muka fara. Idona yana kan hannun Joel, ina jiran ya ɗaga. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce, amshi ya wuce, waƙa ta ƙare, hannun bai tashi ba.

Sai ya ɓata fuska. Ya ce, "Mama mai tulu, kamar dukanki ya yi yawa. A sake, ke ki dakata tukuna." Aka sake, na riƙe hannuna. Ƙasan waƙar yana nan, dum, dum, bai je ko'ina ba. Joel ya leƙo ya ga ba na duka. Ya ce, "To Baba, kai dakata, Mama ki buga." Kefas ya tsaya, na buga, ƙasan waƙar yana nan. Joel ya cire abin kunnensa ya ajiye, ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce a yi tare, kuma kada kowa ya rage komai.

Da aka tashi shan ruwa ya taka har bango ya ce, "Baba, me ka shafa wa hannun nan?" Kefas ya buɗe masa tafin. Kanta tana nan, tsaga tana nan, jar ƙasar gonarmu ta safiyar nan tana cikin tsagar don ruwa ba ya fitar da ita, ga tabon reza a yatsan tsakiya. Joel ya duba, ya shafa wayar, ya sake duban hannun. Ya koma benci ya ja zip ɗin jakarsa ya rufe. Mama Saloma ta saki guɗa, sauran mata suka ɗauka, har sai da Joel ya roƙe mu mu tausaya wa na'urarsa.

Yau shekara biyar ke nan, wayoyin nan huɗu su ne a kan jitar. Yana goge su da tsumma bayan kowace sujada, ya ce ƙara daɗi suke yi. Solomon mai maganar mura da kansa ya zo tambayar sunan shagon. A bayan kwalin kaset an rubuta sunayenmu da ƙananan baƙaƙe, nasa yana can ƙasa, kuma na san bai taɓa nuna wa kowa ba.

Ni ce dai ba ni da wannan kawaici. Ranar kasuwar Zuru, in na bi ta layin masu kaset na ji an sa namu, tsayawa nake yi da kayana a kai. Mai rumfar ya gaji da tambayata ko zan saya. Wata rana ya ce, "Mama, kullum kina tsayawa, wace murya ce taki a ciki?" Na ce ya bar muryoyin, ya saurari can ƙasa. Ya kasa kunne ya ce, "Wannan tulu ne ko jita?"

Na ce, "Ni ma ban iya rabewa. Amma sadakina ne kake ji."

Bai gane ba, ni kuma ban yi masa bayani ba. Na tsaya har waƙar ta ƙare, sannan na wuce sayen gishiri.